Tambaya da Amsa: Hanyar Shiga Masana'anta ga Wanda Ba Shi da Hali

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun fi karkata ga batu guda, wato yadda mai ƙaramin ƙarfi zai sami horo har ya kai ga aikin masana'anta. Na zaɓi huɗu daga cikinsu na taƙaita, kuma na sakaya sunayen marubutan kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 24 daga unguwar Sheka a Kano. Na gama sakandare, mahaifina ya manyanta, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Na daɗe ina sammako zuwa ƙofar kamfanoni a Sharaɗa. Wata rana a ɗauke ni dakon buhu a sallame ni da yamma, wata rana maigadi ya tambaye ni wa ya turo ni. Ina so in koyi aikin inji, amma ba ni da kuɗin makaranta, kuma ba ni da kowa. Ina zan dosa?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa nemanka albarka, ya kuma saka maka da alheri a kan ɗawainiyar iyaye. Na san ƙofar da kake magana a kanta. Duk wanda ya bi ta Sharaɗa ko Challawa ko Bompai bayan sallar asuba ya ga samari tsaitsaye a jikin katanga, kowa da ledar abincinsa, suna jiran a leƙo a nuna mutum goma da yatsa a ce sauran su dawo gobe. Wannan layin na masu ƙarfi ne, kuma masu ƙarfi sun yi yawa, shi ya sa ladansu ba ya tashi. Mutanen da kamfani yake nema ido rufe su ne afaretan da zai tayar da inji ya daidaita shi, da mai gyaran lantarkin masana'anta, da mai walda, da mai juya ƙarfe, da mai kula da tukunyar tururi, da direban motar ɗaga kaya. Idan injin narka roba ya tsaya da tsakar dare, asarar da mai kamfani yake yi a kowace awa ta fi albashin lebura na wata, saboda haka wanda zai iya tayar masa da shi ba a tambayarsa wa ya turo shi.

Kafin ka nemi makaranta, ka fara duba abin da ake sarrafawa a inda ƙafarka za ta iya kai ka. Masana'antun Kano sun fi yawa a fannin roba da tabarma, da casar shinkafa, da matsar mai, da jimar fata, da sabulu da alewa. Dukkansu suna buƙatar mai lantarki da mai gyaran inji, don haka waɗannan biyun sun fi faɗin kasuwa, kuma su nake ba ka shawara a kai tunda kana da karatun sakandare.

Wuraren da za ka je da ƙafarka kuwa, na farko shi ne Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, wanda aka kafa a 1971 da hedikwata a Jos. Yana da ofishi a Kano, kuma yana da cibiyar koyar da sana'o'in masana'antu a nan Kano ɗin. Na biyu ita ce Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, wadda aka kafa a 1986, take kuma da ofishi a kowace jiha. Tsarinta na koyon sana'a shi ne ta haɗa yaro da maigidan da yake da shago, ya zauna a hannunsa ya koya. Akwai kuma kwalejojin fasaha na gwamnati, da cibiyar koyon sana'o'i da gwamnatin jiha ta gina a kan titin Zariya. Irin waɗannan shirye-shirye rukuni-rukuni ake ɗiba, akan buɗe a rufe cikin 'yan makonni, kuma yawanci sanarwar tana wucewa kafin ta iso unguwa. Zuwa da kai ya fi aike. Ka shiga ofishin ka gaisa, ka tambayi jami'in da ke kula da horo yaushe za a ɗebi rukuni na gaba, ka bar lambarka, kuma ka riƙa komawa kowane wata har fuskarka ta zama sananniya.

Sai dai ina so ka ji wani abu da ya faru da ni, domin kada ka faɗa inda na faɗa. Na taɓa kai ɗan maƙwabcina wata cibiya da ba zan ambaci sunanta ba. Ginin sabo ne, injuna a jere, wasu ko ledar jikinsu ba a cire ba. Yaron ya yi wata shida a wurin. Ranar da aka yaye su na tambaye shi sau nawa ya kunna injin juya ƙarfe da hannunsa, sai ya ce sau biyu, domin kullum babu wuta, janareta kuma babu mai. Ya fito da satifiket mai kyau, muka kai shi wani kamfani, sai shugaban makanikai ya miƙa masa tef da guntun ƙarfe ya ce ya auna masa milimita 45. Yaron ya juya tef ɗin gaba da baya, ya kasa. A nan aka sallame mu, kuma har yau ina ganin laifina ne da ban yi bincike ba tun farko. Saboda haka kafin ka sa hannu a kowane fom, ka tambayi awa nawa ɗalibi yake yi a kan inji a mako, ka tambayi wace takarda ake bayarwa kuma wace hukuma ce take sa mata hannu, sannan ka yi tambayar da ta fi duka nauyi, wato wane kamfani ne ya ɗauki waɗanda aka yaye bara. Idan suka ambaci kamfanin, ka nemi ɗaya daga cikin yaran ka ji daga bakinsa. Idan aka fara yi maka kwana-kwana, ka riga ka sami amsa.

Kada kuma ka raina dakon da kake yi yanzu, domin shi ne ya shigar da kai cikin katangar da wasu suke leƙe daga waje. Ranar da aka ɗauke ka, ka lura da wanda ake kira idan inji ya lalace, ka gaishe shi, ka ɗaukar masa akwatin kayan aiki, ka faɗa masa kai tsaye cewa kana son koyo. Yawancin ƙwararrun afaretocin da na sani a haka suka fara. Akwai kuma abin da samari da yawa ba su sani ba: doka ta wajabta wa manyan kamfanoni su biya ITF kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a shekara, kuma kamfanin da ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'ida yana iya karɓo har rabin abin da ya zuba. Wato horar da kai ba asara ba ce ga kamfanin da ya san abin da yake yi, kuma babu laifi ka tambayi ofishin ma'aikata ko suna da irin wannan tsari.

Abu na ƙarshe shi ne takardu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tanadi lambar katin ɗan ƙasa, da asusun banki mai sunanka daidai da yadda yake a katin, da takardar haihuwa, da shaidar ƙaramar hukuma, da ƙananan hotuna. Na ga waɗanda suka rasa gurbi saboda harafi ɗaya ya bambanta tsakanin kati da asusu. Maganar garanto kuma, ka ce ba ka da kowa, amma kana da mai unguwa, kana da limamin masallacinku, kana da malamin da ya koyar da kai a sakandare. Ka je musu tun yanzu, kafin buƙatar ta taso.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce daga Kakuri a Kaduna. Maigidana ma'aikacin masaƙa ne, ya rasu bai karɓi haƙƙinsa ba. Ɗana ya sami gurbin koyon gyaran lantarki kyauta, muka yi murna, amma bayan mako shida ya daina zuwa. Ya ce kuɗin mota ya gagara, alawus ɗin da aka yi musu alkawari bai zo ba, kuma yana wuni da yunwa. 'Yan uwa suna cewa lalaci ne. Shin laifinsa ne, kuma akwai gyara?

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya sa ya huta, ya ba ki ladan riƙon marayu. Wasiƙarki ce ta fi tsaya mini a rai a watan nan. Kakuri unguwa ce da masaƙa ta raina. An buɗe masaƙar Kaduna ta farko a 1957, a zamanin Sardauna, wasu suka biyo bayanta har unguwar ta cika da ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar nan. Waccan ta farko ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta dakatar da aiki a 2007, kuma iyalai da yawa irin naki har yau suna bin haƙƙin mazajensu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da masaƙun suka rufe, wata makaranta ce ta rufe tare da su. A da uba yakan kai ɗansa ko ƙanensa, a sa shi a gefen inji, yana koyo yana karɓar ɗan abin da zai ci, akwai motar ma'aikata, akwai kantin abinci, akwai asibiti. Ɗanki ya taso a lokacin da aka raba koyo da ci, kuma wannan ba shi ya jawo ba.

Ban ga lalaci a labarin nan ba. Malalaci ba ya yin mako shida yana zuwa da yunwa. Horon da ake kira kyauta, kuɗin makaranta kawai aka ɗauke, amma akwai kuɗin mota zuwa da dawowa, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, akwai abincin rana, akwai takalmi da rigar aiki, sannan akwai wanda ya fi su duka ciwo, wato abin da yaron yake samowa a da wanda yanzu ya daina shigowa gida. Ɗan mai hali iyayensa suna toshe waɗannan ramuka ba tare da ya ma sani ba. Ɗan talaka kuwa kowace safiya sai ya zaɓa tsakanin aji da cefanen gida, kuma yaron kirki gidan zai zaɓa. Daga nan sai a rubuta a rahoto cewa matasa ba su da juriya.

Akwai gyara, in Allah ya so. Ki sa shi ya koma cibiyar a makon nan, tare da wani babba da ake jin nauyinsa, kawunsa ko limamin unguwa, su faɗi gaskiyar abin da ya faru ba tare da kunya ba. Malamai da yawa sun fi son ɗalibi ya dawo a kan a cike gurbinsa da baƙo, kuma idan wannan rukunin ya yi nisa, a roƙa a sa sunansa a na gaba. Amma kada ya koma sai an zauna an yi lissafi da biro da takarda: kwana nawa suka rage, nawa ne mota a rana, nawa ne abinci. Jimillar nan ita ce ainihin kuɗin makarantarsa, kuma ita za a nema. Ku ɗauki alawus a matsayin abin da idan ya zo an gode, domin sau da yawa yana makara, wani lokaci sai an gama horon.

Idan adadin ya fito fili, nemansa ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato. 'Yan uwan da suke cewa lalaci ne, a kai musu takardar a ce ga abin da ake buƙata na wata huɗu, kowa ya ɗauki mako biyu. Idan kina cikin adashi, ki roƙi a ba ki ɗauka da wuri. Kwamitin masallaci da masu fitar da zakka a unguwa sun fi sakin hannu idan aka zo musu da abu mai iyaka da ranar ƙarewa. A duba kuma ko akwai ɗan uwa da yake zaune kusa da cibiyar wanda yaron zai riƙa kwana a wurinsa daga Litinin zuwa Juma'a, ko a sami tsohon keke, wanda sau ɗaya ake biyan kuɗinsa. Asabar da Lahadi kuma ya bi wani mai wayarin gidaje, ya sami na sabulu, hannunsa kuma ya ƙara faɗawa.

Ina da magana ga masu shirya irin wannan horo, na gwamnati da na ƙungiyoyi, domin na san wasunsu suna karanta wannan fili. Ku rage yawan waɗanda kuke ɗauka idan ya zama dole, ku riƙe waɗanda kuka ɗauka har ƙarshe. Kuɗin mota a biya shi kowane mako, domin mai Keke Napep ba ya jiran ƙarshen wata. A ba da abinci sau ɗaya a rana. A sa mutum guda wanda aikinsa shi ne idan ɗalibi ya yi fashin kwana biyu ya kira shi, in bai same shi ba ya je gidansu, domin a irin wannan ziyara ce ake gano cewa uwa ce ba ta da lafiya, ko mai gida ya ba su wa'adin tashi, ko ɗaliba ba ta da inda za ta bar jaririnta. Kuma tun kafin a buɗe aji, a zauna da masu masana'antu, ta hannun ƙungiyarsu ta MAN ko ɗaya bayan ɗaya, a ji irin ma'aikacin da suke nema, a kuma karɓi alkawarin cewa za su karɓi ɗalibai su yi watannin gwaji a cikin kamfani. Bikin yaye ɗalibai da hotuna ba ya nuna komai. A koma bayan wata shida a ƙirga mutum nawa ne suke karɓar albashi.

TAMBAYA: Malam, shekarata 11 ina walda a Ƙofar Ruwa. Babu irin ƙofa ko tankin da ba na haɗawa, amma duk kamfanin da na je sai a ce in kawo takarda, ni kuwa ko firamare ban gama ba. Sai na koma aji ke nan?

AMSA: A'a, Malam, ba sai ka koma aji ba. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda masu sana'a suke kira tiredi tes. Hawa uku ce, ana farawa daga mataki na 3, sai na 2, sannan na 1 wanda shi ne mafi girma, kuma a ofishin ma'aikatar na jiha ake yin rajista. Akwai kuma tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da ke ƙarƙashin Hukumar Ilimin Fasaha, NBTE, wadda aka kafa a 1977 take kuma da hedikwata a Kaduna. A wannan tsari mai tantancewa yana kallon aikin hannunka ne, ya auna shi da ma'aunin da aka gindaya, ya ba ka matakin da ka cancanta bisa abin da ka riga ka iya. Masu sana'ar kasuwar Panteka a Kaduna sun bi wannan hanya tare da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kuma abin da ya taimake su shi ne sun je a ƙungiyance. Ka yi magana da shugabannin ƙungiyarku ta masu walda su nemi irin wannan.

Zan faɗa maka gaskiya guda, ba don in rage maka daraja ba. Waldar ƙofa daban take da waldar bututun da tururi ko gas zai bi ta cikinsa, kuma kamfani zai so ka iya karanta zanen aiki, ka kuma san waldar argon. Ga mai shekara 11 a sana'a wannan karatun 'yan makonni ne. Ka guji masu cewa za su kawo maka takardar har shago ba tare da gwaji ba, domin ranar farko a kamfani za a miƙa maka ƙarfe biyu a ce ka haɗa.

TAMBAYA: Malam, wani ya ce zai samo wa ƙanwata aikin shirya kaya a kwali a wani kamfani, amma sai mun biya kuɗin fom, kuma zai riƙa karɓar wani kaso daga albashinta na watannin farko. Mu biya?

AMSA: Kada ku biya, ɗan uwa. Gaskiya ne kamfanoni da yawa yanzu ta hannun 'yan kwangila suke ɗaukar ma'aikata, amma doka ta ce mai wannan sana'a sai yana da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ku ce ya nuna lasisinsa da ofishinsa, sannan ku je kamfanin da kanku ku tambaya ko sun san shi. Haka nan fom ɗin shirye-shiryen horo na gwamnati, a ofishin hukumar ake tabbatar da shi, ba a hannun wani a bakin titi ba.

Idan Allah ya sa ta sami aikin ta hanyar da ta dace, ga abin da ya kamata ta sani. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3 da farawa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, kuma ya hau kan duk ma'aikatar da take da mutum 25 ko fiye, ko da yake bai shafi masu aikin ɗan lokaci da waɗanda ake biya bisa yawan abin da suka yi ba, saboda haka ta tambaya tun farko a wane tsari aka ɗauke ta. Dokar biyan diyya ta 2010 kuma ta shafi har ma'aikacin wucin gadi da mai koyon aiki idan ya ji rauni a bakin aiki. Hukumar inshorar ma'aikata, wato NSITF, ita ce take kula da asusun diyyar, kamfani ne yake zuba kuɗin, kuma ba a yarda a cire shi daga albashin ma'aikaci ba. Ta tambayi lokutan aiki, ko akwai na dare, da yadda za ta dawo gida idan an tashi. A ranar farko kuma, kafin ta taɓa komai, ta sa a nuna mata maɓallin kashe inji da ƙofar fita idan gobara ta tashi, ta kuma soke gefen hijabinta cikin rigar aiki a duk lokacin da za ta matsa kusa da bel mai juyawa.